Kada Makullin Shafinmu Ya Tafi Bautar Ƙasa

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata cuta da ke kama shafukan intanet na ƙungiyoyin ɗalibai, kuma kusan kowannenmu ya taɓa ganin alamarta. Ka buɗe shafin wata ƙungiya ko wani sashe, sai ka tarar da hotunan shugabannin da suka sauka tun kafin ka shigo ND 1, da sanarwar makon al'adun da aka yi shekara uku da suka wuce, da lambar wayar sakataren da yanzu yake aiki a wani gari. Shafin yana buɗuwa, amma babu rai a cikinsa. In ka tambayi dalili, amsar ɗaya ce: wanda ya gina shi ya gama karatu, ya tafi bautar ƙasa da kwamfutarsa da fayilolinsa da kalmar sirrinsa.

Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, ina HND 2, kuma ina cikin masu kula da shafin ƙungiyar ɗaliban sashenmu. Abin da nake so in yi bayani a kai shi ne tsarin da ake gyara shafi da sarrafa shi daga cikin burauza, wato Chrome ko Firefox ɗin da ke wayarka yanzu haka. Masu harkar suna kiransa CMS a taƙaice, ma'ana manhajar sarrafa abin da ke cikin shafi. Amfaninsa yana da yawa, amma wanda ya fi girma a wurina shi ne yana fitar da makulli daga aljihun mutum ɗaya ya mayar da shi hannun ƙungiya.

Yadda ake yi ta tsohuwar hanya

A tsohuwar hanya, kowane shafi fayil ne mai zaman kansa, an rubuta shi da HTML. Idan za a sauya ko da kwanan wata ne, sai wanda ya iya kodin ya buɗe fayil ɗin a kwamfutarsa, ya lalubo layin, ya gyara, sannan ya tura shi zuwa sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin dare da rana, ta hanyar wata manhaja irin su FileZilla. In lambar wayar ofis tana ƙasan shafuka arba'in, to sau arba'in zai gyara. In ya manta alama ɗaya bai rufe ba, shafin ya hargitse.

Yanzu ku duba tafiyar sanarwa ɗaya. An ɗage ranar rufe biyan kuɗin hostel. Kakakin ƙungiya ya rubuta, ya tura wa mai shafi ta WhatsApp. Mai shafi yana lakca. Ya fito babu wuta, kwamfutarsa babu caji. Washegari yana da tes. Kafin sanarwar ta hau shafi kwana uku sun wuce, wani ya riga ya ci bashi a kan gaggawar da babu ita, wani kuma ya haƙura ya fara neman ɗaki a cikin gari. Ba laifin mai shafin ba ne, shi ma ɗalibi ne mai nasa karatun. Laifin yana ga tsarin da ya sa komai sai ya bi ta hannunsa.

To mene ne sabon tsarin?

A sabon tsari, manhajar da ke gina shafin tana zaune ne a kan sabar, ba a kwamfutar kowa ba. Rubuce-rubuce suna cikin rumbun bayanai, hotuna suna ma'ajiyarsu, fasalin shafi kuma, wato launi da jeri da girman haruffa, yana wuri daban. Duk lokacin da wani ya buɗe adireshin, manhajar za ta ɗauko rubutun daga rumbu, ta sa masa rigar da aka zaɓa, ta miƙa wa mai karatu. Kamar mutum ne da tufafinsa: ka iya sauya riga ba tare da ka taɓa jiki ba.

Kai kuma mai gyara, abin da za ka yi kawai shi ne ka buɗe burauza, ka shigar da sunanka da kalmar sirrinka, sai ka samu kanka a dashbod. Nan za ka ga akwatin rubutu kusan irin na Microsoft Word. Ka rubuta take, ka rubuta bayani, ka ɗora hoto, ka danna wallafa. Shi ke nan. Wanda ya iya ɗora rubutu a Facebook ya riga ya iya rabin aikin.

Daga ina abin ya samo asali?

Tunanin ba sabo ba ne. Burauza ta farko da Tim Berners-Lee ya ƙirƙira a 1990, a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Janeba, tana karanta shafi kuma tana gyara shi. Waɗanda suka biyo baya suka shahara, irin su Mosaic ta 1993, sai suka tsaya ga karatu kaɗai. A 1995 Ward Cunningham ya buɗe wiki na farko, shafin da duk mai karatu zai iya gyarawa daga burauzarsa, kuma a kan wannan tunanin aka kafa Wikipedia a 2001, wadda yau take da sashen Hausa.

Labarin da ya fi shafarmu mu ɗalibai shi ne na Drupal. A shekarar 2000 Dries Buytaert ɗalibi ne a Jami'ar Antwerp ta ƙasar Beljiyam. Ya haɗa ɗan ƙaramin shafi domin shi da abokansa na ɗakin kwanan ɗalibai su riƙa bar wa juna saƙo. A watan Janairun 2001 ya saki manhajar kyauta ga duniya. A 2009 shafin fadar shugaban Amurka ya koma kan Drupal. Abin da aka fara a hostel ke nan fa.

WordPress kuwa Matt Mullenweg da Mike Little ne suka fitar da ita a watan Mayun 2003, kuma yau sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya a kanta suke. Shafin fadar shugaban Amurkan ma ya koma kanta a 2017. Ta uku ita ce Joomla, wadda ta fito a 2005. Sunanta daga kalmar Suwahili ne, jumla, mai nufin gaba ɗaya, kalmar da mu ma muke da ita a Hausa ta hanyar Larabci. Dukkansu ukun kyauta ne, an sake su ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar amfani da su da sauya su da rarraba su. Zan fi kawo misali da WordPress, don ita na fi sani kuma ita za ku fi cin karo da ita a wuraren aiki.

Kowa da makullinsa

Mutane da yawa suna jin tsoron cewa in aka ba kowa dama shafi zai zama kasuwa. Ai ba haka abin yake ba. A WordPress akwai matsayi biyar, kowanne da iyakarsa. Mai gudanarwa shi ke da iko da komai, har da ƙara mutane da cire su. Edita yana iya wallafawa da gyara rubutun kowa, amma ba ya taɓa saitin shafi. Marubuci yana wallafa nasa rubutun kaɗai. Mai ba da gudummawa yana rubutawa, amma ba zai iya wallafawa ba sai edita ya duba ya amince. Na ƙarshe shi ne mai rajista, wanda ba shi da ikon gyara komai sai bayanan kansa.

Ku ɗora wannan a kan ƙungiyarmu ku gani. Wakilan aji da daraktan wasanni su zama masu ba da gudummawa. Kakakin ƙungiya da sakatare su zama editoci. Mutum biyu su riƙe gudanarwa. Daraktan wasanni ya rubuta sakamakon ƙwallon sassa tun yana bakin fili, kakaki ya duba daga ɗakinsa ya wallafa. Babu wanda ya jira wani ya kunna laftof, kuma babu wanda ya ba wani kalmar sirrinsa. Ranar da wa'adin mutum ya ƙare, a rufe asusunsa, a buɗe wa magajinsa sabo. Rubuce-rubucensa suna nan, ana iya mayar da su ƙarƙashin sunan wani. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Ba a share sawu

Amfani na biyu shi ne tarihin gyara. Duk lokacin da aka adana sauyi a rubutu, manhajar tana ajiye tsohon kwafin, da sunan wanda ya yi gyaran da lokacin da ya yi. Kana iya jera tsoho da sabo ka ga kalmar da aka cire da wadda aka ƙara, kana iya dawo da na jiya da dannawa ɗaya. Ga ƙungiyar da ke wallafa bayanin kuɗin shiga da na fita, ko jerin 'yan takara lokacin zaɓe, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In rigima ta tashi kan wa ya sauya adadi, ba sai an yi ta rantse-rantse ba, a buɗe tarihin a duba.

Haka nan tana adana rubutu da kanta lokaci-lokaci yayin da kake rubutawa, don haka in an ɗauke wuta ko netwok ya yanke, ba za ka koma daga farko ba. Kuma kana iya sa wa sanarwa lokaci, ka rubuta ta daren Lahadi ka ce ta fito ƙarfe takwas na safiyar Litinin. Za ta fito ko kana cikin ɗakin jarrabawa.

Ai muna da guruf, me za mu yi da shafi?

Wannan tambayar na fi sha, kuma tambaya ce mai kyau. WhatsApp yana da sauri, babu musu. Amma ku tuna yadda sanarwa ke nutsewa a guruf: an tura ta da safe, kafin azahar saƙo ɗari uku sun binne ta, da barkwanci da tallar turare da gardamar ƙwallo. Wanda ya shigo guruf yau ba ya ganin abin da aka tura jiya. Sannan kowa zai iya buga takarda mai tambarin makaranta ya ce an ɗage jarrabawa, kafin a ƙaryata ta zagaye duk hostel. Wanda ya yarda ya ajiye littafi, shi zai kwana ciki.

Shafi yana ba kowace sanarwa adireshi tabbatacce da kwanan wata. Sai ya zama doka mai sauƙi: in ba a shafin ƙungiya ka gani ba, to ba daga ƙungiya ya fito ba. A ci gaba da amfani da guruf, amma adireshin sanarwar za a riƙa turawa, ba hoton takarda ba. Shafin Facebook ma yana da amfani, sai dai gidan haya ne, kamfanin Meta ke da shi, kuma in aka sace asusun wanda ya buɗe shi ko aka rufe, dawo da shi wahala ne. Shafin da ke kan CMS kuwa kuna iya kwashe duk abin da ke ciki ku koma wani kamfanin sabar in wannan ya gaza.

Waya ta isa, kuma Hausa na zama daidai

Yawancinmu ba mu da laftof, waya ce komai namu. Dashbod yana buɗuwa a burauzar waya, kuma WordPress tana da manhajarta ta Android da iPhone. Rigunan shafi na zamani suna daidaita kansu da girman allo, don haka mai ƙaramar waya ba sai ya yi ta ja hagu da dama ba kafin ya karanta jadawali. Waɗannan manhajoji kuma suna aiki da tsarin haruffa na UTF-8, saboda haka ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa yadda suke, muddin salon haruffan da aka zaɓa yana ɗauke da su. Kafin ku amince da kowace riga, ku gwada rubuta ƙungiyar ɗalibai ku gani. In ƙugiyar ta koma akwati ko alamar tambaya, ku sauya salon haruffan.

Maganar kuɗi

Manhajar kyauta ce, amma abu biyu ana biya duk shekara: sunan adireshi da hayar wuri a sabar. Adireshin da ke ƙarewa da .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da shi, kuma ana saye ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Na .edu.ng an keɓe shi ga makarantu, don haka hanya mafi sauƙi ita ce ƙungiya ta nemi sashen ICT ya yanka mata reshe ƙarƙashin adireshin makaranta, in hukuma ta yarda. Alamar kwado da wasu burauzoji ke nunawa a gefen adireshi, wadda ke nuna an ɓoye bayanan da ke kai da komo, ana samun takardar shaidarta kyauta daga Let's Encrypt, kuma kamfanonin sabar da yawa suna sa ta da kansu. Babban abin da aka rage shi ne biyan wani duk lokacin da za a sauya layi ɗaya.

Sana'a ce a hannu

Kada wani ya ɗauka wannan harkar 'yan kwamfuta ce kaɗai. Ɗalibin aikin jarida zai tarar da irin wannan dashbod a gidan jarida ko rediyon da zai je. 'Yan sashen sarrafa ofis su ne za a ce su ɗora sanarwar ma'aikata. Ɗalibar kasuwanci mai sayar da atamfa ko turaren wuta tana iya ƙara WooCommerce a kan WordPress, shafinta ya zama shago mai farashi da kwandon saye. Lokacin SIWES, ko shekarar aikin sanin makama bayan ND, wanda ya ce zai iya kula da shafin wurin ba ya zaman banza a kujera yana jiran a aike shi sayen abinci. Makarantu masu zaman kansu da ƙananan asibitoci da ƙungiyoyin unguwa duk suna neman wanda zai riƙe musu shafi.

Koyo kuma ba ya cin kuɗi. Kana iya buɗe asusun kyauta a WordPress.com ka fara gwaji da waya. In kana da laftof, ka sa XAMPP, ka girka WordPress a ciki, ka yi ta ginawa kana rushewa ba tare da data ba.

Inda gizo ke saƙar

Ba zan sayar muku da kaya in ɓoye aibinsa ba. Ƙofar da ke buɗe maka daga ko'ina, ɓarawo ma daga ko'ina yake gwada ta. A watan Oktoban 2014 an gano wata babbar kafa a Drupal 7, aka fitar da gyara. Daga baya masu kula da tsaron Drupal suka ce duk shafin da bai sa gyaran cikin awa bakwai ba, a ɗauka an riga an shige shi. Darasin shi ne sabunta manhaja ba abin da ake bari sai an dawo hutu ba ne.

A WordPress yawancin matsala daga filogin take zuwa, wato ƙananan manhajojin da ake ƙarawa don wani aiki na musamman. Ku taƙaita su, ku goge wanda ba a amfani da shi. Ku guji riga ko filogin na kuɗi da wani ya fasa yake rabawa kyauta a Telegram, sau da yawa akwai ɓoyayyar ƙofa a ciki. Kalmar sirri kada ta zama sunan ƙungiya da shekara. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu ga masu gudanarwa. In ka shiga dashbod a kafe ko kwamfutar laburare, ka fita kafin ka tashi. A riƙa ɗaukar kwafin ajiya na rumbun bayanai da hotuna, a adana shi a wani wuri daban da sabar, kuma a gwada dawo da shi ko sau ɗaya ne a zango. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sauƙin wallafawa ma jarrabawa ce. Hoton da ya fito kai tsaye daga kyamarar waya yana da nauyi, a rage shi kafin a ɗora, don datar masu karatu ake ci. Sannan Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane ta 2023. Jerin sunayen ɗalibai da lambobin wayarsu da lambar rajista ba abin bazawa a fili ba ne, musamman na 'yan'uwanmu mata. Kuma in shafinka ɗaya ne tak da ba ya sauyawa, kamar takardar gabatar da kai, HTML zalla ya ishe ka. CMS na wurin da mutane da yawa ke rubutu a kai a kai ne.

Roƙona ga shugabanninmu

Duk wannan amfanin yana iya tashi a banza in aka maimaita tsohuwar ɗabi'a a kan sabuwar manhaja, wato mutum ɗaya ya yi rajistar komai da imel ɗinsa. Don haka ina roƙon majalisar zartarwa da majalisar wakilai su sa waɗannan a rubuce. A yi rajistar adireshi da sabar da imel na ƙungiya, ba na wani ɗalibi ba. Masu gudanarwa su zama biyu, ɗaya daga ajin da zai fita, ɗaya daga ajin da zai rage, yadda ba za su bar makaranta shekara ɗaya ba. Kuɗin sabunta adireshi da sabar su shiga kasafin kowace shekara, da ranar da suke ƙarewa, domin adireshin da aka bari ya mutu wani zai iya saye. Takardar miƙa mulki ta ƙunshi makullan shafi kamar yadda take ƙunsar makullin ofis da littafin asusu. Kuma a farkon kowane wa'adi a ware yini ɗaya a koya wa sababbin jami'ai da wakilan aji yadda ake aiki da dashbod.

Wa'adin shugabanninmu shekara ɗaya ne, zamanmu a ND ko HND shekara biyu-biyu, amma ƙungiya tana nan bayanmu. Waɗanda za su shigo baɗi suna da haƙƙin su tarar da kundin tsarin mulkin ƙungiya da bayanan kuɗi da sanarwar da za su dogara da ita a wuri ɗaya. Ku tambayi shugaban ƙungiyar sashenku a wannan makon: da imel ɗin wa aka yi rajistar shafinmu, kuma mutum nawa ke iya shiga? In amsar mutum ɗaya ce kuma yana ajin ƙarshe, to a zauna da shi tun kafin ya kare furojet ɗinsa. Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa.